Keke na Goma Sha Biyu

Cikin shekarun da na yi a wannan kanti akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma tunda ruwan sama ya tsare masu saye a gidajensu, ku sababbin ma'aikata ku jawo kujeru ku ji.

Abin ya fara ne wata Talata a tsakiyar damina. A lokacin ni ce shugabar sashen kayan jarirai, sama da ni kuma sai manaja, Oga Pam. Ku da ba ku tarar da shi ba, mutumin kirki ne, amma ɗan ƙa'ida ne na gasken gaske. In takarda ta ce a tsaya da ƙafa ɗaya, to da ƙafa ɗaya zai yini. Ya kira ni ofishinsa da hantsi, ya miƙo mini wasiƙa daga kamfanin da ke kawo mana kekunan tura jarirai.

Ya ce, "Asabe, an janye keken nan mai launin toka. Ki sauke duk wanda ya rage a kanta yanzu, sannan ki nemo waɗanda muka sayar."

Bari in yi muku bayanin janye kaya, don wasunku ba su taɓa gani ba. Wani lokaci sai kaya sun shiga hannun jama'a sannan kamfani zai gano cewa akwai lahani a ƙirarsu. Sai ya rubuto wa duk kantin da ya ba kayan, ya faɗi lambar da ke manne a ƙarƙashin kujerar keken, ya ce duk mai wannan lamba a karɓo shi. In an karɓo, a yanke bel ɗin ɗaure yaro da almakashi, a cire taya ɗaya, don kada wani ya tsince shi ya sake sayarwa. A ɗauki hoto, a cika fom, a aika. Mai keken kuma ya jira sati uku a kawo masa sabo.

Lahanin wannan keke a birki yake. Za ka taka shi da ƙafa, ka ji ya yi ƙas kamar ya kama, alhali ɗan haƙorin robar da ke riƙe tayar ya cinye. In yaro yana da nauyi, ko an ajiye keken a gangara, sai birkin ya saki a hankali ba tare da wata ƙara ba. Ina gama karantawa na ce, "Oga, ina ne babu gangara a Jos?" Ya ce shi ya sa ya kira ni tun da hantsi.

Guda goma sha biyu muka sayar. Muna da littafin garanti mai sunayen masu saye da lambobin wayarsu, na ɗauka aikin kwana biyu ne. Ashe ban san garin ba. Mutum uku kacal ne suka saya wa 'ya'yansu. Sauran duk kyauta suka kai, wannan na barka, wancan na suna, wani kuma matan zumunta ne suka haɗa hannu suka saya wa matar fasto. Sai in kira mai saye, ya ba ni lambar ƙanwarsa, ƙanwar ta ce ai yana gidan surukarta. Ɗaya na same shi a saman wadrob, ko ledarsa ba a cire ba. Wani kuma jarkokin ruwa ake jigila da shi, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Cikin kwana tara dai na tattaro goma sha ɗaya.

Na goma sha biyun Hajiya Lantana ce ta saya, wata mai sayar da atamfa a unguwar Congo-Russia, tsohuwar mai cinikinmu. Jikanta na farko ta saya wa, ɗan ɗanta. Da na kira ta na fara bayani, ko bari in kai ƙarshe ba ta yi ba.

Ta ce, "Asabe, ke 'yar gidan wa ce? A ina kika taɓa jin an yi kyauta an koma an ce a dawo da ita?"

Na ce, "Hajiya, ba karɓewa za a yi ba, canja shi za a yi."

Ta ce, "A gaban dangin yarinyar nan aka shigo da keken ranar suna, ana guɗa. Yanzu in buɗe baki in ce abin da na kawo mai lahani ne? Ki nemi wata, ba Lantana ba."

Ta kashe waya. Raina ya ɓaci, amma na san halin manyanmu, ba a ja da su ta waya. Washegari na yi sammako na tafi gidanta, na durƙusa na gaishe ta, na sha kunun gyaɗar da ta dama mini, muka yi hirar tsadar atamfa. Sai da na ga fuskarta ta saki sannan na ce, "Hajiya, kunyar dangin amarya da ran jikanki, wanne ya fi nauyi?" Ta ɗauki carbinta tana ja. Can ta kwatanta mini gidan a Bukuru, ta ce sunan surukar tata Rukayya. Ina sa takalmi ta ɗaga murya ta ce, "Ni dai ban aike ki ba." Na ce na ji, Hajiya.

Ranar Alhamis na hau bas zuwa Bukuru. Na sami Rukayya a tsakar gida tana shanya, da yaron goye a bayanta, ɗan wata takwas mai suna Abba, ƙato da shi masha Allah. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Ina ambaton keke na ga fuskarta ta canja. Da farko ta ce yana ɗakin ajiya kuma maigidan ya fita da makulli. Na ce zan jira shi. Sai ta ce ai kamar wata maƙwabciya ta ara. Na ce mu je gidan maƙwabciyar. Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen zaninta.

Kun san ni, haƙurina ba shi da tsawo. Na ce, "Rukayya, dube ni nan. Ba Hajiya ce ta turo ni ƙirgar kayan ɗakinki ba. In sayarwa kika yi, ki faɗa. In kyautarwa kika yi, ki faɗa. Birkin keken nan ba ya riƙewa, yana iya gangarawa da yaro cikin titi."

Wallahi ban rufe baki ba ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Davou!"

Sai ga zance ya fito. Ita ba ta taɓa sa ɗanta a keken ba, ta fi gane goyo, ga layinsu duk duwatsu. Akwai wata mata da take sayen kabeji da dankali a wurinta a bakin hanya, ana ce mata Maman Davou. Ɗan nata, Davou, shekararsa huɗu, da lalura aka haife shi, ba ya tafiya, ba ya magana. Kullum Rukayya za ta tarar da ita da shi a baya, ƙafafunsa suna dukan ƙaurinta, tana sunkuyawa tana auna kaya. Wata rana tausayi ya kama ta, ta naɗe keken cikin tsohon zani ta kai mata, ba tare da mijinta ko surukarta sun sani ba. Wata biyar ke nan.

Ta kama hannuna ta ce, "Anti, don girman Allah kada Hajiya ta ji na bayar da kyautarta."

Na ce, "Ɗauki hijabinki mu tafi, wannan maganar ta jira."

Tafiyar ba ta kai minti goma ba, amma ni dai na ji ta da nisa. Teburin Maman Davou yana saman wata gangara ce da ta miƙe sak zuwa babban titi, inda bas-bas da tifofin yashi ke wucewa. Tun daga nesa na hango keken mai launin toka a gefen tebur, an juya fuskarsa ga titi. Daga baya na ji dalili: Davou yana son kallon motoci, in tifa ta wuce sai ya yi ta dariya yana buga hannu. Da muka matso sai na ga an toshe tayoyin gaba da duwatsu biyu, kowanne kamar girman burodi.

Maman Davou siririya ce, ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, tana sanye da rigar sanyi. Ta tarbi Rukayya da murna, ta leƙa goyonta tana yi wa yaron wasa, sannan ta ce mini, "Sannu da zuwa, Anti." Na gaishe ta, na gaisa da Davou. Ya dube ni da manyan idanunsa, ya yi murmushi da dukan fuskarsa. Na leƙa ƙarƙashin kujerar, lambar ta yi daidai da ta takarda.

Na faɗa mata ko ni wace ce, na tambaye ta yadda birkin yake.

Ta dubi Rukayya, ta ce, "Keke lafiya lau, Anti. Ba abin da ya same shi. Allah ya yi wa Maman Abba albarka."

Na ce, "To waɗannan duwatsun fa?"

Ta ce, "Haka kawai."

Na gane. Na juya na ce wa Rukayya ƙishi nake ji, ta taimaka ta sayo mana ruwa a shagon da ke can gaba. Tana ba da baya na riƙe hannun keken gam, na taka birki ya yi ƙas, na ture duwatsun da ƙafa. Na ɗan sassauta riƙo. A hankali, babu ko ƙara, keken ya fara jan hannuna zuwa ƙasa. Na mayar da duwatsun, na dubi matar. Idanunta sun cika da ƙwalla.

Ta ce tun wata na biyu ta gane. Wata ranar kasuwa ta taka birki, ta juya tana zuba wa mai saye dankali, sai ta ji ihu. Keken ya kama gangara da Davou a ciki, shi yana ta dariya, ya ɗauka wasa ne. Wata mai gasa masara ce daga ƙasa ta yar da mafici ta tare shi da jikinta, saura taku kaɗan ya kai kwalta. Ta ɗage hular yaron ta nuna mini ɗan tabo a goshinsa, inda ya bugi ƙarfen keken. Tun daga ranar take yawo da duwatsun nan biyu cikin buhu duk inda za ta.

Na ce, "Haba baiwar Allah! Me ya hana ki faɗa wa Rukayya?"

Ta ce, "Anti, mutum ya ga wahala na, ba dangi na ba, ba coci ɗaya muke ba, ya ɗauki abu mai tsada ya ba ni. Sai in je in ce masa abin ka ba kyau? Da wane baki?"

Sai na koma ga aikina, na ce doka ta ce in tafi da keken yau, za a kawo sabo nan da sati uku. Nan take ta sa hannu biyu ta riƙe keken. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce likita ya hana ta goyon Davou saboda ciwon baya, kuma in babu keken, ko dai ta zauna a gida su rasa na abinci, ko ta kwantar da shi a kan buhu a ƙasa cikin wannan sanyin damina, shi da ƙirjinsa ba shi da ƙwari.

Ta ce, "Ki bar mini shi, Anti. Zan ƙara dutse."

Na shiga tsaka mai wuya. In na bar keken, wata rana za ta manta dutse, ko wani ya ture shi da ƙafa bai sani ba, ga titi nan a ƙasa. In na ɗauka, na raba yaro da ƙafafunsa. Na matsa gefe na kira Oga Pam, na zayyana masa komai.

Ya ce, "Asabe, takarda ta ce a karɓo a lalata, mai kaya ya jira sati uku. Kuma wannan matar ba ita ce a littafinmu ba."

Na ce, "Oga, yaron da ke cikin keken ma ba ya cikin littafinmu, amma shi zai gangara."

Ya ce, "To ki karɓo mana."

A nan ne na manta da wa nake magana. Na ce, "Ni ba zan iya ba. In kai za ka iya, ga hanya nan, ka zo Bukuru ka ciro shi da hannunka ka ajiye a ƙasa. Akwai keken da muke ajiyewa a gaban kanti don nuni, na wani kamfanin ne, birkinsa na ƙarfe, kuma ya fi wannan faɗi. Shekara guda yana shan ƙura."

Ya ce kayan nuni ba sa fita daga kanti. Na ce to ni ma ba zan tashi daga nan ba. A ƙarshe dai ya ce in kwatanta masa wurin. Na kashe waya ina cewa a raina, Asabe, yau kin yi wa kanki sallama da aiki.

Bayan awa ɗaya da rabi sai ga motarsa ta tsaya a gefen hanya. Ya fito da kwat ɗinsa, ya buɗe bayan motar, ya ciro keken nuni, ga takardar aro a hannunsa da ya riga ya sa wa hannu, wai an ba da shi aro har sabon ya iso. Ko a nan sai da ya samo wa abin ƙa'ida. Ya gaishe da Maman Davou da Hausa, da ya ji sunan yaron sai ya gane yarensu ɗaya, ya juya harshe zuwa Berom. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga ta saki hannun tsohon keken.

Amma Oga Pam bai yarda a sa yaro ba sai an gwada. Ya ce a ɗora rabin buhun dankali a sabon keken, wanda ya fi Davou nauyi nesa ba kusa ba. Ya tura shi daidai inda gangarar ta fi tsanani, ya taka birki, ya tsaya a gabansa da hannuwa a buɗe kamar mai tsaron raga. Matan kasuwa suka taru suna kallo. Keke bai motsa ba. Ya girgiza shi, ya tura da gwiwa, yana nan daram. Mai gasa masarar nan ta hauro ta ce, "Oga, ka bar dankalin mutane ya huta haka!" Kowa ya fashe da dariya.

Oga da kansa ya kwance bel ɗin, ya ɗauko Davou. Yaron ya fara kuka, don bai san sabon wuri ba. Uwar ta shimfiɗa masa tsohon bargonsa, ta juya fuskar keken ga titi, ta taka birki. Tifa ta farko da ta wuce, ya manta da kukan.

Saura lalata tsohon. Na ciro almakashi daga jakata, na yanke bel, Oga ya cire taya, na ɗauki hoto. Maman Davou ta juya baya, ba ta kalla ba. Rukayya kuwa tuni ta dawo da ruwan, kuma mai gasa masara ta kwashe labarin ranar kasuwar nan kaf ta faɗa mata. Tana tsaye da ledar ruwa a hannu, hawaye na zuba. Sai na ga Maman Davou ta je gabanta ta ɗan rusuna.

Ta ce, "Maman Abba, ki yi haƙuri. Ban so ki ji ba."

Ku ji fa. Ita da ɗanta ya kusa faɗawa ƙarƙashin mota, ita ce ke ba da haƙuri. Rukayya ta rungume ta tana cewa, "Ni ce zan ba ki haƙuri, ni ce." Na ɗauke kai, don ni ma idona ya kawo ruwa. Oga Pam ya ciro hankici yana ta goge tabarau da ba su yi datti ba.

A mota muna dawowa bai ce mini komai ba kan yadda na yi masa magana a waya, ni ma ban tayar ba. Da sabon keken kamfani ya iso, sai aka ga ya yi wa Davou ƙanƙanta. Oga ya rubuta wa masu kanti wasiƙa, aka amince ta riƙe na nunin, sabon ya zauna a gaban kanti.

Bayan sati biyu Hajiya Lantana ta shigo sayen kayan barka. Ta jawo ni gefe, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya maganar nan?" Na ce, "An canja, Hajiya, kuma yaro yana jin daɗinsa ƙwarai." Ta ce alhamdu lillahi. Ban yi mata ƙarya ba, ban kuma tona Rukayya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, fom ɗin kamfani ne. Akwai layin da ke tambaya ko mai kaya ya taɓa kawo ƙorafi. A duk goma sha biyun na rubuta a'a, kuma gaskiya na rubuta. Amma bayan abin da na gani a Bukuru hankalina bai kwanta ba. Na sake kiran matan da na karɓo kekunan a hannunsu, ba masu sayen ba, na ce hira ce tsakanina da su, ba mai ji. Biyu daga cikinsu suka ce ai birkin ya taɓa sake musu. Ɗaya ta ce yayan mijinta ne ya kawo, ta yaya za ta kushe? Na ƙara takarda a bayan fom ɗin na rubuta duk wannan na aika.

To abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Kamfani yana can yana jiran ƙorafi kafin ya san kayansa na da matsala, mu kuwa yawancin kayan jariranmu a hannun kyauta suke tafiya, kuma ba mu saba kushe kyauta ba. Mutumin da ke littafinku sau da yawa ba shi ne mai amfani da kayan ba. Ita kuma mai amfanin za ta iya kwashe watanni tana yawo da duwatsu cikin buhu, tana cewa lafiya lau, don kada ta kunyata wanda ya tausaya mata. Ban ga laifinta ba, tarbiyya ce, kuma da ita aka raine ni. Amma in ran yaro ne a tsakani, kada “lafiya lau” ta farko ta sallame ku. Ku bi kayan har hannun da suke, ku tambaya sau biyu, ta biyun kuma ku bari sai mai kyautar ta ba da baya.